Tarihin Kalmar "Ƙarfi" a Ilmin Motsi

Hausawa su kan ce, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ba mai musun wannan magana a al'amuran yau da kullum. Amma akwai wata tambaya a ɓoye cikinta wadda ta sha kan masana wajen shekara dubu biyu, ita ce: sa'ad da dutse ya rabu da hannun majefi, mene ne ke tafiyar da shi? Hannu ya riga ya sake shi, ba igiya, ba mai turi. Amsar da a ke koya wa ɗalibai a ajin farko na ilmin fiziks ba ta wuce layi uku a allo ba. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun yadda aka kai ga amsar, a kuma nuna cewa rabin wahalar ta kalma ce. Kalma guda, wadda Bahaushe zai fassara da "ƙarfi", ita aka ɗora wa kaya huɗu, ba a kuwa gama sauke mata su ba sai a tsakiyar ƙarni na 19.

1. Aristotil da iska

Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa motsi kashi biyu. Akwai motsi na ɗabi'a, watau abu ya nufi mazauninsa da kansa, kamar dutse ya yi ƙasa, harshen wuta ya yi sama. Akwai kuma motsi na tilas, wanda ba ya yiwuwa sai da mai turi ko mai ja yana manne da abin. Duk wanda ya ga amalanke ya tsaya da zarar mai tura shi ya huta zai ce lalle gaskiya ne.

Jifa shi ne ya ƙi shiga wannan tsari. Domin ya kuɓutar da hukuncinsa, Aristotil ya ce hannu yana motsa iskar da ke kewaye da dutse, ya kuma ba ta ikon motsawa, ita ce ke miƙa dutsen gaba har ikon ya ƙare. Iska ke nan ta zama ita ce mai turi, ita ce kuma mai tarewa. Duk da wannan rauni, maganar ta yi ƙarnuka tana zaune a makarantu.

2. Ƙarfin da a ke zubawa cikin dutse

A ƙarni na 6 na Miladiyya aka yi wani malami a Iskandariya ta Masar, sunansa Filofonus. Larabawa suna kiransa Yahaya Annahawi, watau masanin nahawu. Ya ce in da iska ce ke tura kibiya, da sai a aza kibiya bisa sanda, a yi ta kaɗa iska a bayanta, ta tashi ta yi nisa, alhali kowa ya san ba ta yi. Ra'ayinsa shi ne, majefi yana zuba wa dutse wani ƙarfi marar jiki, dutsen ya tafi da shi, ƙarfin ya riƙa raguwa da kansa har ya ƙare.

Ibnu Sina, wanda aka haifa kusa da Buhara a 980, ya rasu a Hamadan a 1037, an fi saninsa da likitanci, amma a littafinsa Ash-Shifa ya yi bayanin motsi. Ya kira abin da majefi ke bari cikin dutse "mail", watau karkata. Inda ya ɗara Filofonus shi ne da ya ce wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta, abin da ke waje, kamar iska, shi ke cinye ta. In da za a sami sarari fayau wanda babu kome cikinsa, da jifa bai tsaya ba. Shi kansa bai yarda akwai irin wannan sarari ba, amma maganar ta kusanci abin da a ke koyarwa yau ƙwarai.

A ƙarni na 14 Jan Buridan, malami a jami'ar Faris, ya sa wa abin suna "imfetus" da Latinanci. Ya kafa hujja da dutsen niƙa mai juyawa, wanda ke ci gaba da juyi bayan an sake shi, ga shi kuwa ba shi da wata ƙeya da iska za ta tura. Ya ce imfetus yana ƙaruwa gwargwadon yawan jikin abu da saurinsa, don haka ne a kan jefa dutse ya fi gashin tsuntsu nisa. Su ukun nan duka sun haɗu a kan abu ɗaya: motsi yana bukatar dalili, dalilin kuwa wani ƙarfi ne da ke zaune cikin mai motsin.

3. Galileyo da Niyuton

Galileyo, mutumin Italiya, ya sauya hanyar bincike. Maimakon ya tsaya a kan dalilin faɗuwa, sai ya auna yadda a ke faɗuwar. A littafin da aka buga masa a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, ya ba da labarin wani katako mai tsawon zira'i kamar 12, an fafe kwari a jikinsa, an jingine shi a karkace, a na gangaro da ƙwallon tagulla. Da ya ke babu agogo mai kyau a zamanin, ruwa ya ke bari ya tsiyaya daga wani babban mazubi, sa'an nan ya auna nauyin ruwan. Ya tarar in ƙwallo ya ci taki 1 a lokaci na farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Jimla ke nan 1, 4, 9, 16. Ya kuma nuna cewa ƙwallon da ya gangaro bisa shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi ba shi da dalilin tsayawa in ba an tare shi ba. Dekart na Faransa ya ƙara a 1644 cewa irin wannan tafiya miƙaƙƙiya ce.

Ishaku Niyuton na Ingila shi ya tattara waɗannan cikin dokoki uku a littafinsa na 1687. Ta farko, abin da ke zaune yana nan zaune, mai tafiya kuma yana ci gaba miƙe da saurinsa, sai in wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Ta biyu, aikin ƙarfi shi ne sauya motsi, ya ƙara sauri, ko ya rage, ko ya karkatar. Ta uku, duk abin da ya tura wani, shi ma an tura shi daidai wa daida, kamar yadda mai fito ke tura gaɓa da gora jirginsa ya yi gaba.

A nan ne tsohuwar tambaya ta warware: ba abin da ke tura dutse bayan ya bar hannu, ba ya kuma bukatar turi. Abin da ke neman bayani shi ne lanƙwasarsa da tsayawarsa, watau jan da duniya ke yi masa da tarewar iska. Har Niyuton ya kwatanta dutsen da aka jefa daga ƙwanƙolin dutse mai tsawo da saurin da ya isa ya kewaye duniya, ya ce haka wata ya ke, kullum cikin faɗuwa ya ke, bai kuwa taɓa isowa ƙasa ba. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yana nan tafe da saurin kilomita kamar 17 a daƙiƙa ba da turin inji ba.

Amma fa Niyuton bai tsarkake kalmar ba. Da kalmar Latinanci "vis", watau ƙarfi, ya kira turin da ke zuwa daga waje, da ita kuma ya kira halin nan na abu na ƙin sauya zamansa ko tafiyarsa.

4. Gardamar "rayayyen ƙarfi"

Wannan cuɗanya ta haifi gardama ta shekara fiye da hamsin. Mabiyan Dekart suka ce ƙarfin mai motsi shi ne yawan jikinsa a ninka da saurinsa. A 1686 Laibniz na Jamus ya ce a'a, sai an ninka saurin da kansa tukuna. Daga baya ya kira wannan "rayayyen ƙarfi". A 1722 Gravesande na Holan ya riƙa sako ƙwallayen tagulla bisa yumɓu mai taushi, ya ga in sauri ya ninka biyu ramin ya kan ninka huɗu, in ya ninka uku ramin ya ninka tara. Emili du Shatale, wadda ta fassara littafin Niyuton da Faransanci, ta kafa hujja da wannan gwaji a littafinta na 1740, ta goyi bayan Laibniz. A 1743 Dalambar ya ce gardamar ta kalmomi ce kawai. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, abu biyu dabam su ke aunawa da suna ɗaya: na Dekart ya danganci tsawon lokacin da ƙarfi ya yi yana turi, na Laibniz kuwa ya danganci nisan da ya tura.

Injuna su suka ƙarasa rabon. Jems Wat, don ya gwada wa masu saye abin da injinsa na tururi ke iyawa, ya ƙayyade "ƙarfin doki" a kan ɗaga laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, wannan kuwa awon saurin aiki ne. A 1807 Tomas Yang ya aro kalmar Girkanci "enerjiya" ya sa wa rayayyen ƙarfi. Jems Jul na Manchesta ya riƙa kaɗa ruwa da filafilai waɗanda nauyi mai saukowa ke juyawa, ya bayyana a 1850 cewa saukowar laba 772 ƙafa ɗaya tana ɗumama laba ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya na Farenhait. Da haka aka gane cewa abin da dutse ke rasawa sa'ad da ya tsaya bai ɓace ba, zafi ya koma. Duk da haka, Helmholtz, wanda ya tsara wannan hukunci a 1847, da kalmar Jamusanci "Kraft", watau ƙarfi, ya kira abin da ba ya ɓacewa. Sai a shekarun 1850 da 1860 Rankin da Tomson suka zaunar da sabuwar kalmar a littattafai. Tsarin awo na duniya na 1960 ya ba uku daga cikin kayan ma'auninsu dabam dabam: niyuton don turi ko ja, jul don enerjiya, wat don saurin aiki.

5. Abin da ya shafi malamai

A 1982 Jon Klement ya buga sakamakon wani bincike da ya yi a kan ɗaliban injiniya a Amurka. An ce su zana ƙarfin da ke aiki a kan kwabon da aka cilla sama, mafi yawansu suka zana wani ƙarfi na hannu yana rakiyar kwabon. Ra'ayin Buridan ke nan, ba su kuwa karanta shi ba. Yaron da ya ce dutse ya faɗo don ƙarfin jifa ya ƙare, ba dolo ba ne, yana tsaye ne inda manyan masana suka tsaya ƙarnuka, kuma haddar dokoki uku ba ta isa ta ɗaga shi daga wurin ba.

Hausa tana faɗin ƙarfin ɗan dambe, ƙarfin jifa, ƙarfin inji, ƙarfin wutar lantarki, duk da kalma ɗaya, kamar yadda Latinanci da Jamusanci suka yi. Wannan ba aibi ba ne a zance, amma a aji yana mai da ɗalibi cikin gardamar da aka riga aka kashe. Ya kamata masu shirya littattafai su keɓe "ƙarfi" ga turi ko ja da wani abu ke yi wa wani, su ce "yawan motsi" ga na Dekart, "saurin aiki" ga na Wat. Game da enerjiya, "makamashi", wadda gidajen rediyo ke amfani da ita, asalinta abin hura wuta ne, ta dace da itace da fetur, amma ba ta zauna wa dutse mai gangarowa ba. "Kuzari" ta fi kusa. Ko wace aka zaɓa, a tsaya a kanta daga littafin farko har na ƙarshe, malami kuma ya fara darasi da tambayar jifa, ya bar ɗalibai su faɗi tasu amsar kafin ya rubuta ta Niyuton a allo.