Lambun Tsirrai na Melbourne da Yanayin Shekarar 2090

Lambun tsirrai fili ne da ake tara ire-iren shuke-shuke masu rai domin nazari da adanawa, kowanne da sunansa na kimiyya da bayanin inda aka samo shi. An kafa na birnin Melbourne, a ƙasar Ostireliya, a shekarar 1846 a gaɓar kudu ta kogin Yarra. Ferdinand von Mueller, Bajamushen masanin tsirrai da ya shugabance shi daga 1857 zuwa 1873, ya fi mai da hankali ga bincike, amma magajinsa William Guilfoyle, wanda ya riƙe shi har 1909, shi ne ya ba shi kamannin da aka san shi da su: faffaɗan filayen ciyawa, da hanyoyi masu lanƙwasa da ke gangarawa zuwa tafki, da manyan itatuwan da aka kawo daga Turai da Amurka da Asiya.

Wannan kyau kuwa kan ruwa ya dogara, kuma Guilfoyle ya san haka, shi ya sa a 1876 ya gina matattarar ruwan ban-ruwa a kan tudu, ya yi mata siffar dutse mai aman wuta. Dogon farin da ya faro a ƙarshen shekarun 1990 ya kai har 2009, shekarar da zafin birnin ya kai digiri 46.4 a watan Fabrairu, shi ne ya tona raunin wannan tsari. Aka gyara tsohuwar matattarar a 2010, aka kewaye ta da tsirrai masu adana ruwa a jikinsu, sannan aka soma karkato ruwan saman da ke kwarara daga titunan unguwannin kusa zuwa tafkin, ana tace shi ta hanyar tsirran fadama kafin a yi ban-ruwa da shi.

Sai dai tanadin ruwa bai warware babbar matsalar ba, domin itacen da aka dasa yau zai girma ne cikin yanayin da mai dasa shi ba zai gani ba. Saboda haka a 2016 mahukuntan lambun suka fitar da shirin shekara 20 na sauya tsirrai sannu a hankali, da nufin cewa kafin 2036 kashi 75 cikin 100 na ire-iren da ke ciki su kasance masu iya jure zafi da ƙarancin ruwan da ake hasashe a 2090. Hikimar shirin, wadda ta cancanci yabo, ita ce ba a rushe zanen Guilfoyle ba: idan tsohon itace ya mutu, sai a nemo wani daga ƙasa mai zafi wanda ya yi kama da shi a tsayi da inuwa da launin ganye, ya tsaya a gurbinsa.

A 2018 aka kafa ƙawancen lambunan tsirrai kan sauyin yanayi a Melbourne, kuma ba a daɗe ba buƙatarsa ta bayyana a Ingila, inda farin 2022 ya kashe itatuwa fiye da 400 a lambun Kew na Landan, wanda daga baya ya ba da rahoton cewa fiye da rabin itatuwansa na iya shiga haɗari kafin 2090.