Haruffa Masu Ƙugiya: Daga Dalma Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya nazarci tarihin rubutun boko zai tarar cewa haruffa uku, wato ɓ da ɗ da ƙ, su suka fi ba masu ɗab'i wahala. Dalili kuwa shi ne babu su a abjadin Turawa, alhali kuwa ma'ana tana rataye a kansu. Ƙugiya ce kawai ta raba kafa da ƙafa, ta raba bata da ɓata, ta kuma raba baki da baƙi.

A zamanin da ake zuba haruffa da dalma, harafin da ba a ƙera ba ba shi buguwa. Saboda haka marubutan farko suka yi dabara da abin da ke hannu: wasu suka ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, Hanns Vischer kuwa, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya sa ɗan waƙafi a gabansa cikin ƙa'idojinsa na 1912. Sai a shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu ƙugiya, jim kaɗan kafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Duk da haka, yawancin kekunan rubutu ba su da su, har ya zama al'adar akawu ya buga b ko d, sa'an nan ya bi da alƙalami yana ƙara ƙugiya.

Zuwan kwamfuta bai kawar da matsalar nan da nan ba. A 1978 Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya fito da TeX, tsarin jera rubutu don ɗab'i, ya kuma haɗa shi da Metafont, wanda ake zana siffar haruffa da shi ta hanyar lissafi. Amma kowane zubi na haruffansa gurbi 128 ne kacal, kuma babu na Hausa a ciki. Daga baya Jörg Knappen ya zana wa tsarin zubi na musamman don harsunan Afirka.

Babban sauyi ya zo da Unicode a 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. A 2004 kuma Jonathan Kew ya fito da XeTeX, wanda ya ba marubuci damar kiran kowane zubi da ke cikin na'urarsa da sunansa.

Sai dai lamba daban, siffa daban. Idan zubin da aka zaɓa ba a zana ƙ a cikinsa ba, TeX zai tsallake ta, ƙasa ta koma asa. Don haka wajibi ne mai shirya littafin Hausa ya zaɓi zubi cikakke, irin Charis SIL ko Gentium, ya gwada masu ƙugiya manya da ƙanana, miƙaƙƙu da karkatattu, kafin ya kai aikinsa maɗaba'a.