Murmushin Banania da Rigimar Sauya Sunaye

A 1915, Yaƙin Duniya na Farko na ci, kamfanin garin cakulan mai suna Banania ya fitar da wata talla a Faransa. Hoton sojan Afirka ne, irin waɗanda Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka: jar dara a ka, cokali a hannu, ya washe baki har kunne. An rubuta masa "Y'a bon", gwarancin Faransancin da ake kwaikwayon baƙar fata da shi. Shekara da shekaru yaran Faransa suna karya kumallo da wannan fuska a gabansu. Sai a 2006 kamfanin ya yarda ya bar kalmar, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta tilasta masa cika alkawari, bayan ƙungiyar MRAP mai yaƙi da wariyar launin fata ta kai ƙara.

Masu sukar irin wannan mataki suna kiransa kaffa-kaffar siyasa, wato tauna harshe don gudun ɓacin ran wasu. Hujjarsu biyu ce: abin raha ne kawai, kuma cire shi shafe tarihi ne.

Hujjar farko ba za ta yi nisa ba a wurin Bahaushe, domin ya san bambancin barkwanci da zambo. Idan Bafulatani ya zolayi Babarbare, shi ma yana jiran nasa rabon, kuma dukansu za su tashi suna dariya. Sharaɗin wasan shi ne kowa yana da bakin ramawa. Sojan Banania ba shi da shi. Wasu suka zana shi, suka sa masa magana, suka ci ribarsa. Su kuwa sojojin gaskiya, da suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, harsashi aka amsa musu da shi. Wanda ya riƙe wannan a zuciya, da wuya ya ga raha a wancan murmushin.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, amma ta cuɗa abu biyu. Tallar da ke kan kanta a shago tana magana ne yau, da yawun mai sayarwa na yau. Gurbin tarihi daban ne. A Jami'ar Ferris ta jihar Michigan, David Pilgrim ya kafa gidan tarihi na Jim Crow, inda aka tara dubban irin waɗannan hotuna da kayan wasa, kowanne da bayaninsa. A can ɗalibi zai tsaya ya dube su da idon nazari, ba wanda ke neman kuɗinsa.

Sunan wuri ya fi talla wuyar sha'ani, saboda na kowa ne. Suna linzami, in ji Hausawa, kuma mai mulki ya san haka. A 1973 Shugaba Tombalbaye na Chadi ya sauya sunan Fort-Lamy zuwa N'Djamena. Lamy shi ne kwamandan Faransa da ya mutu a Kusuri a 1900, a yaƙin da aka kashe Rabe, don haka ban ga dalilin da babban birnin Chadi zai ci gaba da ɗaukar sunansa ba. Sai dai gwamnatin nan ce ta matsa wa jama'a su sauya sunayensu na yanka, gyara ya rikiɗe ya zama danniya.

Da wannan ido nake kallon abin da ya faru a Yamai a Oktoba 2024, lokacin da titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Zaɓin ya dace, kuma ya daɗe da cancanta. Abin da nake nema shi ne a tambayi mazauna unguwa kafin a sauke allo, sannan sabon allon ya faɗi tsohon sunan da shekarar da aka cire shi. Yaron da ke bin titin zuwa makaranta yana da haƙƙin sanin cewa de Gaulle ne ya kira ƙuri'ar, Bakary ya ƙi, kuma ƙin nan ya raba shi da mulki kafin shekarar ta ƙare.