Yadda Takarda Ta Shiga Tsakanin Alhaji Da Ka'aba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, muna cikin karatun babin hajji ne sai wani ɗalibina ya jefo mini tambaya: "Malam, tunda Ka'aba ɗakin Allah ne, wa ya ba wani mahaluƙi ikon ya ce sai da biza za a je?" Na ba shi amsa a taƙaice, amma rabin amsar yana cikin tarihi ne, ba cikin littattafan fiƙihu ba.

Mansa Musa na Mali ya yi hajji a 1324, Askiya Muhammad na Songhai ya tashi nasa a 1496, kuma babu wanda ya riƙe fasfo a cikinsu. Sai dai kada mai karatu ya zaci hanyar a buɗe take. Abin da ke tsare mutum a lokacin shi ne ƙishirwa da 'yan fashi da kuɗin fito da ake biyan masu ƙasa.

Talakan ƙasar Hausa da Borno hanyar gabas ya sani, kuma ta ƙara cika bayan 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Maniyyaci kan tashi daga Kano ya bi Maiduguri, ya ƙetara Fort Lamy (wato N'Djamena ta yanzu), sai Abeshe, sai Jinaina da Fashir da Ubayyid, sai Hartum, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum, don haka yana tafe yana ƙwadago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubbai sun yada zango a can don tara kuɗin jirgi. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, wani kuma ya yi aure ya hayayyafa bai taɓa ganin Makka ba. Da yawa daga Hausawan Sudan jikokin waɗannan bayin Allah ne.

Takarda ta shigo ne ta ƙofa biyu: annoba da tsoro. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka, ta kashe dubban alhazai, ta bi masu komawa gida har Masar da Turai. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashe suka yi taro a Istanbul kan matsalar, daga baya aka kafa wuraren killace alhazai, kamar na tsibirin Kamaran da ya fara aiki a 1882. Alhazanmu kuwa a Sawakin ake tsare su a yi musu allura kafin su hau ruwa. Ƙofar tsoro ita ce ta Ingilishi, waɗanda ba su manta da Mahadin Sudan ba, suna fargabar abin da alhaji zai jiyo a hanya ya kawo gida. Saboda haka suka tsara a yanki fasfo a Maiduguri, a kuma ajiye kuɗin dawowa tun kafin a tashi.

Ni dai ba na jin Turawa sun yi wannan ne don ƙaunar aikin hajji. Talakawa ma ba su ji haka ba, shi ya sa da yawa suka riƙa zagayewa ta Massawa a Iritiriya, suna ƙetara teku da dare a jiragen katako. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: wanda ya shiga ba a rubuta sunansa ba, idan ya ɓace babu mai cigiyarsa, kuma akwai waɗanda suka faɗa hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 Saudiyya ta soke bauta a hukumance. Batun killacewa kuwa ba Turawa suka ƙago shi ba. Halifa Umar (RA) ya juyo daga Sarg bai shiga Sham ba da ya ji labarin annoba, Abdurrahman bin Auf (RA) kuma ya tabbatar masa cewa haka Annabi (SAW) ya yi umarni.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta 'yan sa'o'i, gwamnati ta shigo cikin lamarin. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi aikin kula da alhazanmu a Jidda a wancan zamani. An kafa hukumar alhazai ta tarayya a 1975, sannan dokar 2006 ta haifar da NAHCON. Sauƙin tafiya ya jawo cunkoso, alhali Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya ƙara faɗi. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince a taronsu na Amman cewa kowace ƙasa ta aika alhaji 1,000 daga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Daga nan kalmar "kujera" ta sami nauyinta a bakinmu. A 2023 Nijeriya kujera 95,000 aka ba ta.

Sharuɗɗan ma kusan kowanne da musibar da ta haife shi. Allurar sanƙarau ta zama dole bayan ɓarkewar cutar a hajjin 1987. A 1996, da sanƙarau ya yi ta'adi a Arewa, an hana alhazan Nijeriya shiga. A 2012 an tsare mata 'yan Nijeriya sama da 1,000 a filayen jirgin Saudiyya kan batun muharrami, aka dawo da wasu, kodayake daga baya hukumomin can sun sassauta wannan sharaɗi. A 2020 kuwa, saboda korona, babu wanda ya je daga wajen Saudiyya.

To mene ne matsayin wanda aka hana shi? Aya ta 97 a Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin hajji ga samun iko, kuma buɗewar hanya tana cikin ikon. Wanda ya nemi biza ta halastacciyar hanya bai samu ba, babu laifi a kansa. Wanda ya fi mu an taɓa tare shi: a shekara ta 6 bayan hijira Ƙuraishawa sun tsayar da Annabi (SAW) a Hudaibiyya yana cikin harami, ya yanka hadayarsa, ya yi aski, ya koma Madina, sai da shekara ta zagayo ya yi umararsa.

Ɗaya gefen shi ne wanda matasa ba su cika son ji ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin babin amana, wato wanda ya shiga ƙasar wasu da amincewarsu ba ya halatta ya yaudare su, ko da ba Musulmi ba ne. A fahimtata biza ita ce wannan amanar a zamaninmu, ko ta Makka ce ko ta Ingila. Huzaifa bin Yaman (RA) da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, da suka gaya wa Annabi (SAW) gab da yaƙin Badar, sai ya ce su cika alkawarinsu, alhali Musulmi suna matuƙar buƙatar mayaƙa. Ina ga wanda ya cika fom da ƙarya, ya ari takardar banki, ko ya shiga da bizar umara ya maƙale ya zama takari yana wasan ɓuya da askarawa?

A watan Afrilu na 2024 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ce bai halatta a tafi hajji ba tare da tasrihi ba. A hajjin shekarar zafi ya wuce digiri 50 a Makka, hukuma ta sanar da mutuwar mutum 1,301, ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin, sun yi ta tafiya a ƙasa cikin rana babu tanti babu mota. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu. Wallahu a'alam.