Wawa, ɗan ruwa, galahanga: da wane suna za a kira shi?

A Yauri ta ƙasar Matamaye, kamar a Daura da ke tsallaken iyaka, makaho sunansa makaho, gurgu sunansa gurgu. Masu waɗannan lalurori sun riƙe sunayen har an naɗa musu sarauta: akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a manyan garuruwan Hausa, unguwar Kara-Kara ta Damagaram kuwa asalinta mazaunin kutare ce. Wariya ce, amma mai shugaba da bakin magana. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu bai iya ƙirga canji ba, wanda sai an maimaita masa aike sau uku, shi ba shi da sarki, ba shi da unguwa. Ko suna ɗaya da za a faɗa a gaban uwarsa ba ta sunkuyar da kai ba, da wuya a samu.

Kalmomin ba su yi kaɗan ba. Wawa, dolo, soko, gaula, sakarai, duk akwai su, sai dai duk zagi ne da ake jifan lafiyayye da shi in ya yi shirme. Ke nan halittar wannan yaro ita muka mayar ma'aunin wulaƙanci. Wasu kuma su ce mahaukaci ko taɓaɓɓe, wannan kuwa kuskure ne mai tsada. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa wanda a da lafiyarsa lau, ana kuma yi masa magani. Shi wannan haka ya taso, hankalinsa ɗaya, fahimtarsa ce take tafiya a hankali. In aka ce masa mahaukaci, abin da ke biyo baya hayaƙi ne da turare, wani lokacin har da mari a ƙafa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗan ruwa. Jaririn da wuyansa bai tsaya ba, bai zauna ba, miyau na zuba, sai tsofaffi su ce ba mutum ba ne, aljanu ne suka musanya shi. Sunan kaɗai ya fitar da shi daga cikin ƴan Adam, ya kuma ɗora wa uwar laifin fita da almuru ko wanka a bakin tafki. Alhali dalilan ba ɓoyayyu ba ne: doguwar naƙuda da ta hana ƙwaƙwalwa iska, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau da ke yawo a yankinmu kowane rani, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙarancin aidin a abincin mai ciki. Wani kuma tun a ciki aka halicce shi da ƙarin ƙwayar gado ta 21, abin da aka gano a Faransa a 1959.

Gidajen rediyo sun kama galahanga, kalmar da ba ta da zafin zagi, amma an cusa mata lalurori uku ko huɗu da ba su da alaƙa, har uwa ba ta san wacce ce ta ɗanta ba. Ofisoshi kuma, musamman tun da Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, sun fi son masu buƙata ta musamman. Ladabi ne, amma ba wanda ke faɗinsa a tsakar gida. A can bawan Allah ake cewa cikin tausayi, shi ne kuma abin da muke ce wa baƙon da ba mu san sunansa ba.

Kiristoci kaɗan ne a Nijar, kuma aikin jinƙan da aka fi saninsu da shi na jiki ne: asibitin Galmi tun 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi. Amma akwai wani reshe na Kiristanci da ya ɗauki wannan batu ta wata fuska dabam. A 1964 Jean Vanier, ɗan Kanada mabiyin Katolika, ya ɗauko mutum biyu masu irin wannan lalura, Raphaël Simi da Philippe Seux, daga gidan da ake tsare irinsu, suka zauna tare a wani ƙaramin gida a ƙauyen Trosly-Breuil na Faransa. Aka sa wa gidan suna L'Arche, wato jirgin Annabi Nuhu. Yau ƙungiyar L'Arche tana da al'ummomi a ƙasashe fiye da 30, har da Bouaké da Wagadugu tun shekarun 1970. A 1971 kuma aka kafa Foi et Lumière, Bangaskiya da Haske, inda iyalai da abokai ke haɗuwa a kai a kai.

Abin lura shi ne yadda gidajen L'Arche suka sauya kira. Ba sa cewa majinyaci da ma'aikaci. A Faransanci wanda aka karɓa suke cewa, a Ingilishi kuma ginshiƙin gida, mai lafiyar da ya zo zama da su shi ne mataimaki. Duk sunayenmu suna bayyana abin da mutum ya rasa ne ko abin da ya same shi. Nasu suna faɗin matsayinsa a gidan. Tushen wannan yana cikin wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korantiyawa, sura 12, inda ya kwatanta masu bi da jiki ɗaya, ya ce gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su. A Linjilar Yahaya sura 9 ma, da almajirai suka tambayi zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Amsar da uwar ɗan ruwa ke buƙatar ji ke nan.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Bayan rasuwar Vanier a 2019, binciken da ƙungiyar L'Arche da kanta ta sa aka yi ya nuna a 2020 cewa ya ci zarafin mata shida da suka amince da shi a matsayin jagoran ruhaniya, rahoton 2023 kuma ya kai adadin 25. Daɗin kalmomi bai hana ɓarna ba, kuma gidajen da suka ci gaba sun ci gaba ne da gyaran tsari da sa ido.

A Yauri, inda kusan kowa Musulmi ne, ba a fara daga inda Faransa ta fara ba, domin yaron yana gida tun farko. Suratun Nisa'i aya ta 5 ta umarci a ciyar da masu raunin hankali, a tufatar da su, a yi musu magana mai kyau. Abin tambaya shi ne ko yana sa hannu a kwano ɗaya da ƴan'uwansa, ko ana ba shi kiwon awaki da ɗiban ruwa, ko ana tafiya da shi makarantar allo da gidan biki ko kuwa ɗaki ake turawa in baƙi sun zo.

A asibiti da rediyo dai ana buƙatar kalma. Ni na fi karkata ga mai jinkirin fahimta. Ba ta dace da kowa ba, akwai wanda ba zai taɓa yin magana ba komai jiran da aka yi. Amma ta raba shi da mahaukaci, ba ta zargi uwa ba, kuma malamin makaranta da ya ji ta zai gane cewa lokaci ake nema a wurinsa.