Yankari: Bayani a kan yawon kallon namun daji a arewacin Najeriya

Gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi shi ne wuri mafi shahara a Najeriya wajen kallon namun daji a cikin muhallinsu na asali, kuma yana daga cikin wurare ƙalilan da suka rage a ƙasar inda har yanzu giwa da zaki ke rayuwa a sake.

Ga mutumin da ya tashi a ƙasar Katsina, ko a Kankiya ne ko Kusada ko ƙauyuka irin su Sukuntuni, sunayen waɗannan dabbobi ba baƙi ba ne. Da su ake yi wa sarakuna kirari, kuma sarautar Sarkin Dawa na nan a garuruwa da dama. Sai dai akasarin matasan yau ba su taɓa ganinsu ba, in ban da a talabijin ko a gidan zu na Kano.

Mene ne safari?

Kalmar safari, wadda duniya ke kiran irin wannan yawo da ita, ta fito ne daga harshen Suwahili, su kuma sun aro ta daga kalmar Larabci ta safar, wato tafiya. Tushensu ɗaya da kalmar safara ta Hausa.

A zamanin mulkin mallaka, safari na nufin tafiyar farauta da Turawa ke yi a gabashin Afirka. Daga baya al'amarin ya sauya, kyamara ta maye gurbin bindiga. Kenya ta haramta farautar namun daji a shekarar 1977, kuma a yau gandun Masai Mara na ƙasar, da Serengeti na Tanzaniya, da Kruger na Afirka ta Kudu, na samar wa ƙasashensu kuɗaɗen shiga masu yawa daga 'yan yawon buɗe ido.

Keɓe daji domin kare shi dai ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) aka san tsarin hima, inda aka keɓe yankin Naƙi'u kusa da Madina, haka kuma Halifa Umar ya keɓe Rabaza.

Tarihin Yankari

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a shekarar 1956, aka kuma buɗe shi ga jama'a a ranar 1 ga watan Disamba na 1962.

A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, kafin a sake miƙa shi ga gwamnatin jihar Bauchi a 2006.

Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244, kuma yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, shi ne kuma rayuwar dajin, domin ba ya ƙafewa ko da rani.

Akwai alamun da ke nuna cewa mutane sun daɗe da zama a wurin kafin a keɓe shi. Daga ciki akwai tsofaffin wuraren narka tama, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da kuma kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sanya wa sunan Baturen da ya yi bincike a kansu.

Abin da mai ziyara zai gani

Dajin na ɗauke da nau'in dabbobi masu shayarwa fiye da 50, da tsuntsaye fiye da nau'i 350.

Waɗanda aka fi cin karo da su sun haɗa da ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu, da jan biri, sai kuma dorina da kada a bakin ruwa. Gwaggon biri kuwa har cikin masaukin baƙi yake shiga, kuma ya yi suna wajen fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci.

Giwayen Yankari, waɗanda aka ƙiyasta yawansu tsakanin 100 zuwa 150, na daga cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Zaki kuwa ganinsa sai an yi sa'a, saboda kaɗan ne suka rage. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka saura a ɗaukacin Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa mai ɗumi kuma garai-garai ke fitowa daga ƙarƙashin dutse. Ɗuminsa na tsayawa a kan digiri 31 a ma'aunin Salshiyos dare da rana, rani da damina, kuma yana zubar da kimanin lita miliyan 21 a kowace rana zuwa kogin Gaji.

Lokacin zuwa da hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Dalili kuwa shi ne, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, saboda haka dabbobi kan taru a gaɓar kogin Gaji. Da damina ciyawa kan yi tsawo, dabbobi su watsu cikin daji, wasu hanyoyin kuma su ƙi biyuwa.

Matafiyi daga Kankiya zai bi ta Bichi zuwa Kano, daga nan ya kama hanyar Wudil da Birnin Kudu da Ningi har Bauchi. Daga Bauchi sai ya bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 kafin a isa masaukin Wikki. Tafiya ce ta yini guda, don haka ya kamata a yi sammako.

Ana fita kallo ne da sassafe ko kuma da la'asar, lokacin da zafi ya ragu, a cikin mota tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Ba a sauka daga mota sai da izininsa, ba a ba dabbobi abinci, ba a kuma yin hayaniya. An fi son tufafi masu haske, domin ƙudan tsando ya fi bin baƙi da shuɗi.

Barazanar da ke fuskantar dajin

Babbar matsalar Yankari ita ce farauta ba bisa ƙa'ida ba, da kuma shigar da shanu kiwo. Duk da haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989, an ci gaba da kashe giwaye a dajin, wasu daga cikin masu gadinsa ma sun rasa rayukansu a hannun mafarauta.

A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedkwata a Amurka ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi, aka ƙarfafa sintiri, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Kashe giwaye ya ragu ƙwarai bayan 2015.

Sai dai manoman da ke kewaye da dajin su ma suna da nasu kuka, domin garken giwa na iya cinye gonar shekara a dare ɗaya. Idan ba su ga amfanin gandun a rayuwarsu ba, da wuya su taimaka wajen kare shi.

Sauran dazuzzuka

Makomar sauran dazuzzukan arewa na nuna abin da ake iya rasawa. Dajin Rugu da ke yammacin Katsina, da Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a yankin Birnin Gwari, duk sun yi ƙaurin suna a matsayin mafakar 'yan bindiga tun daga shekarun 2010. Sambisa ma, kafin Boko Haram ta mamaye shi, gandun namun daji ne.

Ita kanta ƙaramar hukumar Alkaleri ta fuskanci hare-hare a wasu ƙauyukanta a 2025, saboda haka wajibi ne mai niyyar tafiya ya tuntuɓi hukumar gandun game da tsaro kafin ya kama hanya.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, raƙuman dawa na yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu zuwa 49 kacal a 1996, amma saboda kariyar hukuma da haɗin kan mazauna yankin suka haura 600 cikin shekaru ashirin da 'yan kai. A 2018 aka kwashe takwas daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, maƙwabciyar Katsina. Harin da aka kai Kure a watan Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya durƙusar da yawon buɗe ido a wurin.

A Yankari ma an taɓa samun raƙumin dawa, amma yanzu babu shi. Mai son ganinsa a jihar Bauchi sai ya je gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006.