Fernandez: Sunan Ubangida da Ya Biyo Bawa Gida

A Sifaniyanci, Fernandez na nufin "ɗan Fernando". Ɗafin "-ez" aikin "ɗan" yake yi, kamar a Ɗanfodiyo. A Sifen sunan ya cika gari, amma a Najeriya sai an tona, kuma an fi sanin sa a gidajen Aguda na Ikko.

Aguda zuriyar bayi ne da aka kai Brazil da Kyuba, suka sami 'yanci suka komo a ƙarni na 19 ɗauke da sunayen iyayengijinsu ko na baftisma: Da Rocha, Cardoso, Fernandez. Komowar ta ƙaru bayan boren Musulmi na 1835 a Bahia ta Brazil. Cikin bayin Bahia akwai Hausawa da yawa waɗanda yaƙe-yaƙen jihadi suka jefa kasuwa, su ne ma suka kitsa yunƙurin bore na 1807.

Attajiri Antonio Deinde Fernandez, wanda ya rasu a 2015, masarautar Kano ta naɗa shi Garsan Fulani. Saboda haka wanda ya ji irin wannan suna a Kakuri ko Barnawa kada ya yi saurin cewa baƙo ne. Sunan na ubangida ne. Kakan da aka laƙaba wa shi, ta yiwu Bakatsine ne ko Bazazzagi.